Hukuncin Kuɗin Tallar Kayan Da Mai Talla Ba Ta Taɓa Amfani Da Su Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mabiya masu yawa a Instagram da TikTok, kuma kamfanoni suna biyana in tallata musu kaya. Kwanakin baya wani kamfani ya aiko mini da maganin rage ƙiba tare da rubutun abin da zan faɗa, cewa na sha na tsawon wata guda kuma na ga amfaninsa, suka ce kada in nuna cewa talla ce. Na yi bidiyon, an biya ni, amma har yau ban ɓare kwalbar ba. Wata ƙawata ta ce ta ji ana cewa mai talla ɗan aike ne kawai, laifin na mai kaya ne. Shin kuɗin nan halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi miki albarka, 'yar'uwa. Da zuciyarki ta natsu da maganar ƙawarki, da ba ki rubuto ba.

Karɓar lada a kan tallar kayan halal ya halatta, domin wani nau'i ne na dillanci, kuma Imamu Bukhari ya ambaci cewa malaman tabi'ai Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a ladan dillali ba. Abin da ya sauya hukunci a mas'alarki shi ne kwalbar da ba ki ɓare ba. Kin ce wa mutane kin sha alhali ba ki sha ba, kin kuma ɓoye musu cewa biyanki aka yi. Wannan ƙarya ce da algus, kuma kuɗin da aka ba ki saboda wannan shaidar haramun ne.

Maganar cewa mai talla ɗan aike ne ba ta tsayu a kan ƙafa ba, ko da yake ta yaɗu a tsakanin masu wannan sana'a. Ɗan aike yana cewa ne: wane ya ce in gaya muku kaza. Ke kuwa kin ce: ni na sha, ni na gani. Kamfanin ya biya ki ne saboda amincin da ke tsakaninki da mabiyanki, shi ya sa ya nace kada ki nuna talla ce, don ya san cewa wanda ya gane talla yake kallo yakan yi taka-tsantsan, wanda kuwa ya ɗauka shawarar 'yar'uwa ce yakan saki jiki. To, ta yaya wadda aka saya saboda shaidarta za ta ce ita ba mai shaida ba ce? Ko da ma mun sallama cewa 'yar aike ce ke, ai wanda ya ɗauki saƙon ƙarya yana sane ya yi tarayya da mai saƙon, kuma ayar da ta hana taimakekeniya a kan zunubi sananniya ce.

Wannan aiki yana da suna a fiƙihu, wato najashi, wanda Annabi (SAW) ya hana kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Asalinsa shi ne mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi mai saye. Ki lura cewa mai najashi ba shi ne mai kaya ba, ɗan gefe ne da ke nuna kamar ba ruwansa, amma duk da haka hanin a kansa ya sauka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta lissafa amfani da kafafen sauraro da kallo da karatu wajen siffanta kaya da abin da ba gaskiya ba a cikin sababbin nau'o'in najashi. Hatta hukumomin da ba ruwansu da shari'ar Musulunci sun gane haka: a 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da bayyana dala 250,000 da aka biya ta ba.

Wasu kan ce ai kowa ya san masu mabiya suna ƙara gishiri, don haka babu wanda aka yaudara. Da haka ne, da kamfanin bai kashe kuɗinsa ba. Yarinyar da ke zaune a ɗaki cikin dare tana kallon bidiyonki, tana kallon jikinta a madubi tana jin haushin kanta, ita ba ta san kwalbar tana nan a rufe ba. Sannan wannan abu ne da ake haɗiya. Idan ya taɓa ƙodar wata ko ya cutar da mai juna biyu, kalmarki ce ta kai shi bakinta.

Abin da ya wajaba a kanki shi ne ki tuba, ki sauke bidiyon, sannan ki yi wani a shafin nan ɗaya ki bayyana cewa talla ce kuma ba ki sha maganin ba, domin laifin da aka yi a bainar jama'a a nan ake gyara shi. Na san wannan shi ne mafi nauyi, kuma ƙila ki rasa wasu mabiya da wasu kamfanoni. Kuɗin kuma ki fitar da shi ga mabuƙata da niyyar rabuwa da shi, ba da niyyar sadaka ba. Idan kin riga kin kashe, ki fitar da kwatankwacinsa lokacin da kika samu hali.

Ba ki tambaya ba, amma zan ƙara miki wani abu. Sayen mabiya na bogi don kamfani ya ƙara miki farashi algus ne shi ma. Haka nan ɗaukar hoto da motar aro ko kayan aro a nuna kamar mallaka ce. Asma'u bint Abi Bakr ta ruwaito daga Annabi (SAW) cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne. Ki kula da suturarki da irin sautin da kike ɗorawa a bidiyo, domin 'yan mata ƙanana suna kwaikwayon shigarki da lafazinki fiye da yadda suke sauraron iyayensu. Daga yau kada ki karɓi tallar magani sai wanda hukumar lafiya ta yi wa rajista, kuma ki sa wa kowane kamfani sharaɗi tun kafin a yi ciniki cewa za ki rubuta talla ce, kuma ba za ki faɗi abin da ba ki gani ba.

Wallahu a'alam.