Hoton da Ya Manne wa Gilashi

"Maigida, hoton nan na mahaifin Hajiya ya manne wa gilashin firam. In sa reza in ɓamɓare shi? Kuma ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa ta damu da tsohon kati haka, alhali wayarta cike take da hotuna?"

Ajiye rezar nan, ɗana. Fuskar hoto tana da wani siririn shafi na jalatin, wani sinadari mai danƙo, kuma a cikinsa hoton yake zaune, takardar baya goyo kawai take yi. Laimar Jidda tana tausasa shafin nan ya zama kamar ƙaro, ya kama gilashi, ya bushe a haka. Kana ja, idon alhaji da gemunsa su tsaya a gilashi, farar takarda ta biyo hannunka. Daga nan ba gyara.

Cire katakon firam ɗin kawai, ka bar hoto da gilashinsa yadda suke. Goge gilashin ta waje da busasshen ƙyalle mai laushi. Kada ka fesa ruwa, zai zurara ta gefe ya shiga ciki. Shimfiɗa shi a tebur, ka ɗora kyamara a kan ƙafarta tana kallonsa tsaye cak, don in ta karkata ko kaɗan kan mutum zai fito a mulmule gefe guda. Fitila biyu, dama da hagu, kowace a kusurwar digiri 45, nisansu ɗaya. Kashe filas, kashe fitilar tsakiyar shago. Gilashi madubi ne, saboda haka huda baƙin yadi ka zura idon kyamara ta ramin, in ba haka ba kai da kyamararka za ku fito a ƙirjin alhaji. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗin ido f/8, ka bar agogon kyamara ya ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, domin danna maɓalli ma girgiza ne.

Sauran da ta kawo a leda, waɗanda ba su manne ba, sikana ta ishe su. Ɗigo 300 a kowane inci zai ba ka girman asalin kawai. Sa 600: kati mai santimita 10 da 15 zai fito da ɗigo kusan 2,400 da 3,600, ka wanke shi a 20 da 30 bai fashe ba. In akwai nagatif a ciki, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, shi za ka fi riƙewa da daraja, ya fi katin ɗauke da bayani, sai dai yana son 2,400 ko fiye. Shinshina shi. Wanda ke warin tsami irin na khal, wato binigar, ya fara ruɓewa ne, ware shi daban kafin ya shafi 'yan uwansa. Ajiye kwafin farko a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ba tare da ka taɓa shi ba, gyara kuma a kan kwafi na biyu. Masu launi da ka ga sun koma ja-ja, rinin shuɗi-shuɗin cikinsu ne ya riga sauran kodewa, kwamfuta tana iya dawo da mafi yawa. Amma kada ka zaƙe. Yaran yanzu sukan goge tsagar fuskar dattijo da sunan tsaftacewa, a kawo wa mace hoton wani baƙo a ce ubanta ne.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Matso ka dubi hoton. Ka ga zanen masallaci a labulen baya, ga makawiya a kafaɗa, ga sabon agogo da aka ture hannun riga don a gan shi. Da yawa cikin kakannin mutanenmu na nan a ƙasa suka zo, ta Chadi da Sudan, suna tafe suna noman ƙodago shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya. Mafi yawansu suna kawai suka bari. Wanda ya bar fuska, sau da yawa kati ɗaya ne tak irin wannan. Na cikin wayar Hajiya kuwa na rayayyu ne, gobe ma sai a sake ɗauka.

Sana'ar kanta haka ta faro. Wajen 1826 wani Bafaranshe, Niépce, ya kafa akwatin ɗaukar hotonsa a taga na tsawon sa'o'i 8 ko fiye kafin ya samu rufin gidaje a kan faranti. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshen, Daguerre. Shekara 22 bayan nan, a 1861, wani hafsan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki Madina, ya ɗauki Makka a 1880, sannan wani likita ɗan Makka, Abdulgaffar, ya ɗauki nasa a cikin shekarun 1880. Yau duk mai son ganin yadda Harami yake kafin faɗaɗawa, wurinsu yake komawa. Kyamararsu ba ta kai ta wayarka ba ko kusa, adanawa aka yi.

Waya kuwa takan faɗa ruwa, takan ɓace, mai ita ya rasu da lambar buɗewa a kansa. Ka ba kowane mai aiki kwafi uku: ɗaya a faifan ajiya, ɗaya a intanet, ɗaya a wanke a kati. Filasha, wato ƙaramar ma'ajiyar fayil da ake sokawa a kwamfuta, ita kaɗai ba abin dogaro ba ce in za ta yi shekaru a durowa. In za ka tura wa 'yan uwanta a Kano ko Damagaram ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura a matsayin hoto matse shi ake yi.

Ka kuma gaya mata inda za ta ajiye. Ba saman kwaba kusa da rufi ba, ba jikin bangon banɗaki ba, ba ƙasan gado ba. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta koya wa garin nan abin da ke samun kayan ƙasa. Ɗakin da ake kunna na'urar sanyi ya fi, laima tsakanin kashi 30 da 40 in da hali, domin in ta haura 65 fumfuna ta samu gida. Albam mai gam a shafi guba ne, gam ɗin yana rawaya yana cin kati. Ledar da ke ƙamshin sabuwar roba ma haka. Lamineshin kuwa, wato manne hoto cikin leda, kada ka yarda ko an biya ka ninki biyu: zafi da gam ne, kuma ba ya warwaruwa. Sabon firam ka sa masa kwalin gefe tsakanin hoto da gilashi, rashinsa ne ya jawo wannan aikin.

In wata rana aka kawo maka jiƙaƙƙu, ɗauraye su a ruwan sanyi mai tsabta ba tare da ka shafi fuskar ba, ka shanya ɗai-ɗai a kan tawul, fuska sama, a inuwa, fanka na kaɗawa. Kada su wuce kwana 2 a jiƙe.

Saura abu ɗaya. In Hajiya ta dawo bayan Magariba, kada ka miƙa mata ambulan ka karɓi kuɗi kawai. Ba ta kujera, ka tambaye ta cikakken sunansa, garinsu, shekarar da aka ɗauka ko da ta Hijira ce, da wane ne yaron da ke tsaye a gefensa. Rubuta da fensir mai laushi a bayan kati, in bai kama ba a jikin ambulan, ban da biro, tawadarsa tana ratsawa. Haka kuma za ka sa wa fayil ɗin suna. Je ka ɗauko baƙin yadin.