Tambaya da Amsa: Farantin sola na jonawa a soket, kayan Jamus a gidan Kano

Wasiƙu uku suka shigo mini cikin watan nan a kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. 

Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke Jamus ya turo mini bidiyon faranti biyu na sola da ya rataya a barandarsa. Babu batir, bai kira ma'aikaci ba, waya ɗaya kawai ya jona a soket ɗin bango, kuma ya ce kuɗin wutarsa ya ragu. Ya ce in ina so zai sako mini irinsa a kwantena. Mu a unguwarmu wuta ba ta wuce awa huɗu ko biyar, ita ma galibi da dare. In ce ya turo? — Wani magidanci daga Kano

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ce ya turo. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, abin yana aiki a wurinsa. A gidanka ne ba zai yi ba, kuma na ga hakan da idona.

Bara cikin azumi wani Alhaji a nan Kaduna ya aiko a kira ni, wai kayan da ɗansa ya aiko masa daga Turai sun lalace a hanya. Na je wajen ƙarfe goma sha biyu, rana kamar ta fasa kai. Faranti biyu ne sababbi fil, an jingina su a kan rufin gareji, wayar ta sauko an cusa ta a soket. Na sa mita a wayoyin farantin, ya nuna mini bolt talatin da wani abu, wato lafiyarsu ƙalau. Amma ɗan akwatin da ke manne a bayansu sai jar fitila yake ƙyaftawa, ko kwan fitila ɗaya bai kunna ba. Na tambayi Alhaji ko akwai wuta a gidan, ya dube ni ya ce in da wuta me zai yi da sola? Muna nan zaune bayan la'asar aka kawo wuta. Ba a yi minti biyu ba fitilar ta koma kore. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To ashe ɗan amshi ne."

Ban taɓa jin wanda ya kwatanta abin kamar yadda ya yi ba. Wancan akwatin ƙaramar inbata ce, girmanta bai wuce littafi ba. Aikinta ta karɓi wutar da faranti ke bayarwa ta mayar da ita irin ta soket, bolt 230 mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Sai dai ba ta iya fara waƙa da kanta. Tana sauraron wutar layi ne, ta daidaita da ita, sannan ta ɗora tata a kai. Mawaƙi na yin shiru ita ma ta yi shiru, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Da gangan aka ƙera ta haka. In ka zare filogin, ƙarafunansa tsirara suke, da za ta ci gaba da aiki da yaro ya taɓa shi ke nan. Haka ma'aikacin da ya hau fal-waya yana gyara, ya tabbata an kashe layi, kada wutar gidanka ta bi waya ta same shi.

Su Jamusawa ba duhu ne damuwarsu ba. In aka haɗa lissafin shekara guda, ɗaukewar wutar da gida ɗaya ke gani a can ba ta kai minti goma sha biyar ba. Tsada ce ke cinsu: yunit ɗaya kan haura santi talatin na Yuro. Saboda haka abin da suke kira Balkonkraftwerk, wato tashar lantarkin baranda, maganin takardar biya ne. Da rana firji da injin wanki su sha daga farantin, mita ta rage gudu. Kai kuwa lokacin da rana take ba ka da wuta, lokacin da wuta take ba ka da rana. Ka ga za ka ajiye gilashi ne kawai yana tara ƙura.

Na san abin da wani zai ce maka a majalisa: a tayar da ƙaramin janareta, inbatar ta ɗauka wutar layi ce. Kada ka yarda. Wutar layi rijiya ce mai faɗi, duk rarar da ka zuba za ta shanye. Janareta ba shi da inda zai kai rarar. In farantin ya bayar da fiye da abin da gidan ke ja, wutar sai ta koma cikin injin, ƙarfinta ya hau, ko ta ƙone masa abin daidaita wuta ko ta tafi da talabijin ɗinka. Haka yawancin inbatocin batir da muke sakawa a gidaje, ba a yi su don a turo musu wuta ta baya ba.

Abin da ya dace da kai tsohon tsari ne: faranti, kantarola (na'urar da ke daidaita cajin batir), batir, inbata. Bari mu yi lissafin ɗaki da falo. Fanka mai wat 60, awa takwas, 480 ke nan. Ƙwai biyar masu wat 10, awa biyar, 250. Talabijin mai wat 60, awa huɗu, 240. Cajin wayoyin gida mu ce 50. Duka yunit ɗaya da ɗan ɗoriya. Batirin litiyom mai bolt 12, am 100, yana riƙe kusan yunit ɗaya da kwata. Faranti ɗaya mai wat 400 a ranar Kano zai ba ka wajen yunit ɗaya da rabi bayan an cire asara. Ka ga sun haɗu, amma babu firji babu dutsen guga a ciki. In fankar ta batir ce, wadda ba ta bi ta inbata, za ka ƙara samun sarari sosai. Ka nemi kantarola irin ta MPPT, wadda ke sauke bolt ɗin faranti ya dace da na batir ba tare da asara mai yawa ba, domin manyan farantan nan ƙarfinsu ya ninka na batirin, mai arha za ta zubar maka da fiye da rabi.

Kuma kada ka kwaikwayi rataya ta bidiyon. Jamus tana can arewa, rana a karkace take zuwar musu, shi ya sa faranti a tsaye jikin baranda yake samun rabonsa. Kano tana kan digiri 12 ne, ranarmu a tsakar ka take. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma ta ɗan arewa take bi, farantin da ke tsaye yana kallon kudu sai ya wuni a inuwar kansa. Ka kwantar da shi, ka ɗan ɗaga masa kai kamar digiri 10 zuwa 15 yana fuskantar kudu, ka bar rata a ƙarƙashi iska ta riƙa wucewa, don zafi na rage masa ƙarfi. Da hunturu a goge shi da ruwa da sassafe, sau biyu a mako ba su yi yawa ba.

Shi kuwa ƙanenka, farantansa irin namu ne, sun cika Sabon Gari. Kuɗin dakon gilashi daga Hamburg ya turo maka su ka ƙara a na batir.

Malam barka da aiki. Ni a Hamburg nake zaune da yarana, gidan haya ne a hawa na uku. Maƙwabciyata ta saka, ina sha'awa, amma ina tsoron mai gida da kuma hukuma. Yaya abin yake? — Wata uwa daga Jamus

Hajiya, ke kam an yi abin nan dominki. Tun watan Mayun 2024 aka sauƙaƙa dokar. Inbata kada ta wuce wat 800, farantan a haɗe kada su wuce wat 2,000. Ba sai kin nemi kamfanin da ke kula da layin wuta ba. Rajista ɗaya ce a intanet, a kundin Bundesnetzagentur, hukumar da ke sa ido kan layukan wuta, kundin da ake kira Marktstammdatenregister, kyauta, cikin wata guda da fara aiki. In mitarku tsohuwa ce mai faifai, an yarda ta juya baya har zuwa ranar da za su zo su sauya ta, kuma su ne za su zo. Harajin saye ma an cire shi daga kayan sola tun farkon 2023. A tsakiyar 2025 irin waɗannan da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura miliyan ɗaya, ba ke ce za ki fara ba.

Mai gida dole ki sanar da shi ki nemi izini, a rubuce, kin fi ni sanin mutanen da takarda. Amma tun Oktoban 2024 ba shi da ikon hanawa haka kawai, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Abin da yake da baki a kai shi ne yadda za a ɗaura. A nan ni ma ina bayansa. Faranti na gilashi ya kai kilo ashirin, ke kuma hawa na uku kike a garin da iska ba ta wasa. Ki sayi maɗaurin da aka yi don irin ƙarfen barandarki, ko ki ɗauki farantan roba marasa nauyi. Igiyar shanya ba ta cikin zance.

Kafin ki kashe ko sisi ki duba ina barandar ta kalla. Kudu ya fi, gabas ko yamma ba laifi, arewa ki bar kuɗinki. In wuri ya yi kyau ana samun yunit ɗari shida zuwa ɗari takwas a shekara, a tsaye jikin baranda kuwa ƙasa da haka. Sai dai ba duka za ki ci ba. Abin da gidan bai sha ba a wannan lokacin ya tafi layi sadaka. In muka ƙaddara kin ci yunit 400 a kan santi 35, Yuro 140 ke nan a shekara, cikin 'yan shekaru kaɗan kayan sun biya kansu. Dabarar ita ce ki mayar da wanki da injin wanke-wanke tsakar rana. Daga Nuwamba zuwa Janairu kada ki sa rai da abin kirki.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: soket na bango kai tsaye, ban da ekstenshin mai baki da yawa, kuma tsari ɗaya tak a gida. Bireka, wato makunnin da ke katse wuta in ta yi wa waya yawa, tana ganin wutar da ta shigo daga mita ne kawai. Wadda farantin ya zuba, wajen am uku da rabi, ta bayanta take shiga. In gidan tsoho ne wayoyinsa sun gaji, a sa ma'aikaci ya leƙa tukuna.

Oga, mu a Abuja layin Band A muke, wuta kusan awa ashirin, amma kuɗin ya fi ƙarfinmu. Mu fa? — Wani ma'aikaci

Kai ne kaɗai a nan gida lissafin ya so ya yi wa daidai, tunda tun Afrilun 2024 yunit ɗinku ya haura naira 200, ga rana kusan ninki biyu na ta Jamus. Matsalarka mita. Ta katin nan da muke da ita ba a saita ta don karɓar wuta daga gida ba. Wata in rara ta fita sai ta ƙirga ta a matsayin ka sha, ta cinye maka yunit a kan wutar da kai ka bayar. Wata kuma ta ɗauka an taɓa ta ne, ta kulle, ka shiga zarya da neman lambar buɗewa. Ga shi kuma kai da matarka kuna ofis a daidai lokacin da farantin ke kan ganiyarsa, firji kaɗai ke gida, kuma bai jan ko kwatan wat 800.

In kuɗin ya kai, ka sa inbata mai haɗa sola da wutar layi da batir, a saita ta kada ta fitar da komai waje. Ita za ta fara cin rana, ta cika batir, sai abin ya gaza ta taɓa mita. Ka turo mini hoton mitarka da jerin kayan da ke kunne daga ƙarfe tara zuwa huɗu, in faɗa maka girman da za ka nema.