Tambaya da Amsa: Za a Iya Buɗe Kasuwa Ba Tare da an Danne Ma'aikaci Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, Kaduna. Da idona na ga yadda atamfar waje ta kashe mana masana'antu. Yanzu kuma ga shi ana ta yabon yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Shin akwai yadda za a buɗe iyaka kuma a kare haƙƙin ma'aikaci da muhalli, ko dole sai an sarayar da ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, wannan tambaya ce ta wanda abin ya taɓa. Ana iya haɗa su. Amma a ganina komai ya rataya ne a kan abu guda: idan aka karya dokar, wa za a hukunta, kuma da me? Yarjejeniyoyi da yawa suna da babi mai daɗin karatu a kan ma'aikata da muhalli, sai ka duba ka tarar babu hukunci a bayansa.

Damuwarka tana da tushe. In aka cire kuɗin fito, mai masana'antar da ke biyan albashi mai kyau yana kuma tace ruwan dattinsa zai yi gogayya da wanda ba ya yin ko ɗaya, kuma kayan na biyun ne za su fi araha. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba ta ɗauki wannan nauyi ba. A taronta na Singafo a 1996 an bar maganar haƙƙin ma'aikata a hannun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ba ta da ikon hana kayan kowa shiga kasuwa. Ƙasashe masu tasowa ne ma suka fi nacewa a kan haka, don suna tsoron a fake da haƙƙin ma'aikata a toshe musu hanya.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne na Amurka da maƙwabtanta. Yarjejeniyar NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki a 1994, sai aka ajiye batun ƙwadago da na muhalli a wasu takardu na gefe. Suka zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. A Meziko a wancan lokaci ana iya ƙulla yarjejeniyar aiki tsakanin kamfani da wata ƙungiyar ƙwadago tun ma'aikata ba su sani ba, wani lokaci tun kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, kuma manufar ita ce albashi ya zauna a ƙasa. Ko da aka shigar da babin cikin yarjejeniyar Amurka da ƙasashen tsakiyar nahiyar, ba a tsira ba. An kai ƙorafi a kan Guwatemala a 2008, ba a yanke hukunci ba sai 2017, kuma Amurka ce ta faɗi. Alƙalan sun yarda cewa Guwatemala ta yi sakaci da dokokinta na ƙwadago, amma suka ce ba a tabbatar sakacin ya shafi ciniki ba. Shekara tara ke nan, ma'aikacin da aka kora saboda ya shiga ƙungiya ina zai kai wannan jira?

Da aka maye gurbin NAFTA da sabuwar yarjejeniyar ƙasashen uku, USMCA, a Yulin 2020, sai aka gyara wannan. Yanzu ƙasar da ake ƙara ce za ta kawo hujjar cewa laifin bai shafi ciniki ba. Aka kuma ƙirƙiro hanyar gaggawa da ke nufar masana'anta ɗaya kai tsaye: in ta hana ma'aikata zaɓen ƙungiyarsu, kayanta ne za a janye wa rangwamen haraji, in ta maimaita a iya hana su shiga. An fara gwada ta a masana'antar motoci ta General Motors da ke garin Silao na Meziko a 2021, bayan an samu maguɗi a ƙuri'ar ma'aikata. Aka sake zaɓe a Agusta, suka yi watsi da tsohuwar yarjejeniyar aikin. A Fabrairun 2022 suka zaɓi ƙungiya mai zaman kanta, SINTTIA, kuma cikin 'yan watanni ta samo musu ƙarin albashi na kashi 8.5 cikin ɗari. Ka ga abin da ya gagara a shekara tara ya yiwu cikin kusan shekara guda. Aibinta shi ne ta karkata gefe ɗaya, domin sharuɗɗan kai ƙarar masana'antar Amurka sun fi tsauri nesa ba kusa ba.

Wannan na fifita a kan hukuncin da ke faɗa wa ƙasa baki ɗaya. Lokacin da Amurka ta cire Habasha daga tsarin AGOA, na shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, a farkon 2022 saboda yaƙin Tigray, mata masu ɗinki a masana'antun Hawassa ne suka rasa aiki, alhali ba su suka yi laifin ba.

A ɓangaren muhalli kuwa, dole a yi adalci ta fuska biyu. A 1998 Indiya da Pakistan da Malesiya da Tailan sun yi nasara a kan Amurka a shari'ar jatan lande a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Amurka ta hana shigo da wanda aka kama da komar da ke kashe kunkurun teku. Hukuncin ya ce tana da haƙƙin kare kunkuru, laifinta shi ne ta ba wasu ƙasashe lokaci da taimako, ta hana wasu. Wato ƙa'idar muhalli halal ce in an yi wa kowa daidai kuma an ba shi damar cika ta. Mu ma mun ɗanɗana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya. Mutane sun ji haushi, amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne waken da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Haka duk wanda ya bi ta Challawa ko Sharaɗa a Kano ya ga ruwan da ke fita daga wasu majemu, mai launi da wari, yana gangarawa inda ake noman rani. Fatar ta tafi Italiya, dattin ya zauna da mu. Irin wannan arha wani ne ke biyan kuɗinta da lafiyarsa.

Sai maganar gida. Najeriya ba ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta Afirka a Kigali a Maris 2018 ba, saboda ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ƙungiyar masu masana'antu sun ɗaga murya. Sai a Yamai, a Yulin 2019, Shugaba Buhari ya sa hannu. Yarjejeniyar za ta cire haraji a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, kashi 7 a bi da su sannu a hankali, kashi 3 kuma ƙasa na iya keɓe su. Ba ta da wata hanya irin ta Silao da ma'aikaci zai kai kuka a taɓa aljihun kamfani, kuma wannan giɓi ne babba.

Sai dai gaskiya, Malam, ko da akwai irin wannan babi a wancan lokaci, shi kaɗai ba zai ceci Kakuri ba. Ka fi ni sanin rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da lalacewar noman auduga, da fasa-ƙwaurin atamfar Sin ta kan iyakoki. Shi ya sa a wurinmu ƙa'idar asalin kaya, wato ta tantance inda aka ƙera kaya, take da nauyi ƙwarai. In ba a tsare ta ba, za a sauke yadi daga Asiya a Kwatano, a manna masa tambarin Afirka, ya shigo ba haraji.

Don haka in ƙungiyarku ta masaƙa da ɗinki za ta zauna da gwamnati, ga abin da zan so ta riƙe: a sa yadi cikin kayan da za a buɗe sannu a hankali, a ba kwastan kayan aikin tantance asalin kaya, a kuma nemi a shigar da hanyar ƙorafi mai wa'adin watanni wadda ƙungiyar ƙwadago ko al'ummar da aka gurɓata wa ruwa za su iya bi da kansu, hukuncin kuma ya sauka a kan kayan masana'antar da ta yi laifi.