Ina son ajiye kifin teku a falona a Jos, ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni a Jos nake wajen Rikkos, na ɗan jima ina riƙe da kifayen ado na ruwan daɗi a ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 40 kuma alhamdulillah suna nan lafiya. To yanzu sha'awar na ruwan gishiri ce ta kama ni, yarana sun matsa min sai mai ruwan lemun nan mai ratsin fari da kuma shuɗin da suke gani a katun. Zan iya wanke tankin nan nawa in zuba ruwan bohol ɗinmu in sa gishirin girki in sayo su? Kuma me da me ya kamata in tanada? Na gode, Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin na gode. Gishirin girki a'a, ruwan bohol kai tsaye a'a, tankin lita 40 ɗin ma ka bar wa masu shi su ci gaba da zamansu. Kuma don Allah kar ka tura wa kowa kuɗin kifi yanzu, a wannan harkar kifi shi ne abu na ƙarshe da ake saya, sai ruwa ya yi kamar sati shida yana zagayawa a tanki babu komai a ciki sai dutse da yashi.

Amma kafin ma mu zo kan ruwa, tunda Jos kake, tambayar farko ita ce wuta. In an ɗauke wuta ƙarfe goma na dare ba a dawo da ita ba sai gari ya waye, me zai riƙe maka famfon da ke motsa ruwan? Kifayenka na ruwan daɗi suna jure wannan shi ya sa ba ka taɓa damuwa ba, na teku ba haka suke ba. Ruwan gishiri iskar oksijin da yake riƙewa ba ta kai ta ruwan daɗi ba, ragin ya kai wajen kashi 20 cikin 100, ga shi Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku inda iskar ma ta ɗan fi sauƙi, to ka ga ragi kan ragi kenan. Da ruwa ya tsaya cak kifi na shaƙa, bakteriyar da ke jikin duwatsu ma na shaƙa, cikin 'yan awanni sai ka ga kifin ya taso sama yana haki. Saboda haka infata da batir ko sola wajibi ne, ba ado ba. Abin da zai faranta maka shi ne famfon motsa ruwa ba ya cin wuta, wat 10 zuwa 20 ne yawanci, ƙaramar infata ma za ta riƙe shi har safe. Ka ƙara da ɗan injin hura iska mai batir ka ajiye a durowa saboda ranar da infatar ita ma ta gaza.

Mai cin wutar ita ce hita. Waɗannan kifayen daga tekun wurare masu ɗumi suke, digiri 24 zuwa 26 suke so dare da rana ba hawa ba sauka, kai kuma ka san yadda Disamba da Janairu suke a Jos, da asuba sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15. Ɗan Abuja zafin Maris da Afrilu yake yaƙa, fanka yake kafa wa saman ruwan, kai sanyi ne abokin karawarka. Lissafin da ake yi kamar wat ɗaya ne ga kowace lita, ni na fi son ƙananan hita biyu a kan babba ɗaya, don in ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa maka kifi ba, in ta mutu kuma ɗayar na nan. Daren da babu wuta kuma batir ba zai ɗauki hita ba, ka lulluɓe gefunan tankin da bargo ka bar famfo yana aiki.

To gishiri. Na girki kusan sinadari ɗaya ne, ga aidin da maganin hana dunƙulewa da ake ƙara masa. Ruwan teku kuwa akwai magnesiyam da kalsiyam da fotasiyam da kabonet a ciki, su ne ke riƙe ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4. Gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku za ka saya, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, a bokiti ko jaka yake zuwa. Kimanin giram 35 zuwa 38 ake sa wa lita ɗaya, wato tankin lita 150 zai ci sama da kilo 5 a cikon farko kaɗai, kuma duk wata za ka riƙa kashe wajen kilo 2 a canjin ruwa, to tun yanzu ka tabbatar da inda za ka riƙa samunsa ba yankewa, galibi daga Legas ko Abuja ake turo shi. Kar ka auna da ido ko da harshe. Ka sayi rifraktomita, 'yar na'ura ce kamar guntun madubin hange, ka ɗiga ruwa a kan gilashinta ka rufe ka duba ta wajen haske, za ka ga layi tsakanin shuɗi da fari, ya tsaya a kan 1.025. Kuma gishiri ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan gishiri ba, a cikin robar da ba ta taɓa ganin sabulu ko mai ba, a sa famfo ya juya shi ya kwana.

Ruwan bohol yana iya zama garau a ido, ku sha lafiya lau, amma abin da ya narke a ciki ido ba ya gani, balle garin da aka yi shekara da shekaru ana haƙar kuza. Fosfet da silika gansakuka suke haifarwa har ta rufe gilashi, jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, na famfo kuma akwai kilorin. Ruwan da aka tace da injin RO, mai cire abin da ya narke a ruwa, ake amfani da shi. Ko ka sayi ƙaramin injin ka kafa a gida, ko ka yi magana da masu kamfanin ruwan leda da ke da shi su riƙa cika maka jarka, amma ka je da 'yar na'urar TDS ɗinka, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ka tsoma da kanka, lambar ta zama sifili ko dab da sifili.

Ga wani abu da ke cin sababbin shiga, kuma hunturun Jos yana ƙara masa ƙarfi. Ruwa yana bin iska ya tafi, gishiri ba ya tafiya. Kamar tukunyar miya ce a kan wuta, tana ƙonewa gishiri na ƙara fitowa, kuma ƙaramar tukunya ta fi saurin yin haka. A lita 40, in lita 2 ta tafi gishirin ya hau da kashi 5 cikin 100 kenan, kuma iskar hunturu ba ta daɗewa take shanye hakan. Shi ya sa na ce ka bar ƙaramin tankin. Ka ja layi da maka a jikin gilashi daidai inda ruwa ya tsaya, kullum ka cike zuwa layin da ruwan RO zalla mara gishiri. Mai gishiri sai ranar canjin ruwa, inda ka ɗebe ka mayar da daidai abin da ka ɗebe.

Girman da zan ba ka shawara lita 120 zuwa 150 ne, mai tsawo ba mai zurfi ba. Da ruwa da dutse da yashi da gilashin kansa nauyin zai kai kilo 200, teburin falo ba zai ɗauka ba, ka sa a haɗa maka mazauni mai ƙarfi a daidaita shi ya zauna sak, nesa da taga. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya fallatsa, kuma kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa. Ruwan gishiri da lantarki ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara, ka kashe hita kafin ka sa hannu.

Dutse kuma ba na ado ba ne, shi ne matatar tankin. Kar ka je Shere ko bakin tsohon ramin kuza ka kwaso, namu na nan dutse ne mai tauri da ba shi da ƙofofi. Wanda ake so mara nauyi ne mai huji-huji na asalin murjani, kamar kilo ɗaya ga kowace lita 10, da yashin aragonait. Cikin hujin nan bakteriya masu amfani ke zama. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, kuma a ruwa mai pH sama da 8 ta fi yin illa. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirayit, wasu su mayar da wannan naitiret wanda shi da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. To sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriyar, dole ka rene su. Ka cika tanki, ka kunna famfo da hita, ka jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ko abincin kifi ya ruɓe, in ka samu bakteriyar kwalba ka ƙara. Bayan kwana biyu-biyu ka gwada da kayan gwaji, za ka ga amoniya ta hau ta sauko, naitirayit ya hau ya sauko, sai ranar da dukansu biyun suka koma sifili naitiret ya bayyana, sati huɗu zuwa shida yawanci. A tsakani wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, kar hankalinka ya tashi, kusan kowane sabon tanki yana yinta kuma tana wucewa. Masu cewa ka sa kifi ɗaya mai arha ya fara maka, ni ban yarda da wannan ba, azabtar da rai ne a kan abin da guntun jatan lande zai yi.

Yanzu kifin yara. Mai ruwan lemun, wanda masu sayarwa ke kira kilaun, sunansa na kimiyya Amphiprion ocellaris, zaɓi ne mai kyau ƙwarai, bai wuce santimita 8 zuwa 11 ba, yana cin abincin gwangwani, yana iya haura shekara goma in ya samu kulawa. Ka sayi ƙanana biyu, dukansu ba mace a cikinsu tun farko, wanda ya fi ƙarfi shi zai girma ya rikiɗe ya zama mace, yara za su ji daɗin wannan labarin. Ka tambaya ko haifaffen gona ne, ya fi juriya, kuma yawancin kifin adon teku daga Indonesiya da Filifin ake kamo su, a wasu wuraren har da gubar sayanayid ake sumar da su, irin wannan sai ya iso lafiya ya mutu bayan 'yan makonni. Halittar nan mai yatsu da ake ganin yana kwanciya a ciki ba ya buƙatarta don ya rayu, kuma tana da wuyar riƙo, ka barta. Shuɗin kuwa ka ba yara haƙuri, yana kai santimita 30, mai yawo ne da ke son tanki mai tsawon kusan mita biyu, kuma yana saurin kamuwa da cutar farin ɗigo. Murjani ma ka jinkirta sai ka yi wata shida zuwa shekara ruwanka bai ba ka matsala ba.

Ranar da kifin ya iso, musamman in ya sha doguwar hanya, ka rage haske ka ɗora ledar a rufe a kan ruwan minti 15 zuwa 20 ɗumi ya daidaita, ka riƙa ƙara masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan ka ɗauke shi ka saka, ruwan ledar ka zubar. Duk wanda za ka ƙaro daga baya ka killace shi sati huɗu a wani tanki daban, in wata rana ka sauya wa na ruwan daɗin gida to mai lita 40 ɗin nan zai yi wannan aikin.

Sai ka zauna da uwargida ku yi magana, don a gidajenmu abin da ke kashe kifi ba a cikin tanki yake ba. Maganin sauro na feshi ko fiya-fiya a falon da tanki yake yana iya gamawa da komai a dare ɗaya, turaren wuta ma a nisanta shi, hannun da ke da man shafawa ko sabulu kar ya shiga ruwan, yara kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba da abinci, abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu. Ka sa murfi mai raga saboda suna tsalle. Duk sati ka canza lita 15 cikin 150, ka goge gilashi, ka auna gishiri da naitiret ka rubuta a littafi da kwanan wata. In ka samu infatar da ma'aunin tankin da za a yanka maka, ka turo min lambobin in duba maka girman famfo da hita kafin ka biya.