Tambayoyinku: Jarina ya kai dala 1,400, in haura babban tebur ko in tsaya?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wata takwas ke nan da na ajiye komai na koma buga foka, wasan kartar nan na kuɗi, ta intanet, ita ce sana'ata yanzu. Ina teburin NL25, na buga hannu (wato rabon karta) wajen 30,000 kuma manhajar lissafina na nuna ina cin babban zubi 7 a duk hannu 100. Jarina ya kai dala 1,400, a ciki nake cire na kashewa duk wata. Gaskiya na gaji da ƙananan kuɗi, ina so in tsallake NL50 in wuce NL100 kai tsaye tunda naga wasansu ba wani fin nawa yayi ba. Me ka gani?
— Daga wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari. Kar ka tsallake, wannan ita ce gajeriyar amsar, doguwar kuma sai ka ɗan yi haƙuri dani don akwai lissafi a ciki.

Ga waɗanda basu san harkar ba, NL25 na nufin teburin da babban zubi, wato kuɗin dole da ake sakawa kafin a raba karta, yake santi 25, kuma mutum kan zauna da ninki ɗari na wannan zubin wato dala 25. To kai dala 1,400 ɗinka kuɗin zama 56 ne a inda kake, in ka je NL50 sun zama 28, in kuwa ka yi tsallen da kake so zuwa NL100 sun koma 14 kacal. Sha huɗu fa! Duk wanda ya daɗe yana buga tebur mai mutum shida zai gaya maka faɗuwar kuɗin zama 15 ko 20 a jere ba abin labari bane, tana samun gwanaye ma, ba tare da sun yi wani kuskuren kirki ba, kartar ce kawai ta juya musu baya na sati biyu ko uku. Shi yasa wanda ke yi don nishaɗi ake ce masa 20 zuwa 30 sun isa, amma wanda zai ci abinci da ita ana maganar 50 zuwa sama, wasu ma basa yarda sai 100.

Sai maganar 7 ɗin nan da kake taƙama da ita. Ba ina kushe ka bane amma hannu 30,000 bai isa ya gaya maka kai waye ba. A irin wasan da kake bugawa hawa da saukar da sa'a kaɗai ke jawowa kan kai babban zubi 80 zuwa 100 a duk hannu 100, in muka ɗauki 90 muka yi lissafi a kan hannu 30,000, ainihin ƙarfinka zai iya zama ko ina tsakanin faɗuwar babban zubi 3 da cin 17 a duk hannu 100. Ma'ana mai yiwuwa kai gwani ne na gaske, mai yiwuwa kuma rana ce ta fito maka kake shanya. Sai ka kai hannu dubu ɗari ko fiye sannan lambar zata fara faɗin gaskiya, ita ma da sauran shakku.

Kuma naga kace wasansu bai fi naka ba, daga kallo ka gane haka? Kallon tebur daban, zama da kuɗinka a kai daban. A sama kifaye sun yi ƙaranci, wato masu zuwa su zubar da kuɗi su tafi, mafi yawan waɗanda zaka tarar tsofaffin hannu ne da ke kwana kan manhajojin warware wasa irinsu PioSolver, suna da bayananka a manhajar PokerTracker, cikin kwana biyu sun gane kana jefar da karta duk lokacin da aka ninka maka zubi, daga nan kuma sai su maida kai saniyar tatsa. Duba wannan: 7 a NL25 dala 1.75 ce a hannu 100. In ka hau NL50 cinka ya sauko zuwa 3, dala 1.50 ke nan, ka ninka haɗari ka rage riba. Abu ɗaya da ke taimakon mai hawa shi ne la'adar da shafin ke yanka a kowane tulin kuɗi, tana da iyakar da bata wucewa, don haka a manyan tebura bata cin mutum kamar yadda take cin na ƙasa. Wannan gaskiya ne kuma dalili ne mai kyau na kada ka dawwama a ƙasa, amma ba dalilin tsalle bane.

Abinda zan yi da nine kai: in ware dala 250, kuɗin zama biyar na NL50, in ce wannan na leƙe ne. In rubuta a takarda tun kafin in zauna cewa in sun ƙare na dawo NL25 ba gardama, kaga saura dala 1,150, har yanzu kuɗin zama 46 ne, baka mutu ba. In rage yawan teburan da nake buɗewa, in zaɓi lokacin da 'yan nishaɗi suka fi yawa kamar daren ƙarshen mako, kuma in buga wasana yadda na saba. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, wani ya tsorata da girman kuɗin ya dinga jefar da karta mai kyau, wani kuma ya ɗauka kowa burga yake masa sai ya ƙi jefar da ko wacce. In ka lura ka fara lissafin tulin da ke gabanka da kuɗin haya maimakon yawan zubi, tashi, teburin ya fi ƙarfin zuciyarka ko da bai fi ƙarfin aljihunka ba.

Saukowar ce mai wuya wallahi, ba hawan ba. Ka tuna Viktor Blom, yaron Suwidin da ya fito da sunan Isildur1 a ƙarshen 2009, ya kwashi miliyoyin daloli a hannun manyan duniya cikin 'yan makonni, sannan a zama ɗaya a watan Disamba wani gwanin foka mai suna Brian Hastings ya karɓe sama da dala miliyan 4 a hannunsa. Gwaninta kam yana da ita, birki ne babu.

Abinda ya fi damuna a wasiƙarka ma ba teburin bane, cewar da kayi a cikin jarin kake cire na kashewa. Jarin da ake gutsura duk wata baya girma, kuma watan da ka faɗi zaka zauna a tebur da tunanin dole in ci yau, wanda shi ne mafi munin tunanin da ɗan foka zai zauna da shi. Ka raba su, kuɗin rayuwa na aƙalla wata shida a gefe inda karta bata taɓa su. In baka da su to gaskiya ka nemi wani aikin ka haɗa, foka ta koma ta dare. Kar kuma ka jibge duk jarin a shafi ɗaya, ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe wa manyan shafuka ƙofa, 'yan Amurkan da kuɗinsu ke shafin Full Tilt sai da suka yi shekaru suna jira.

TAMBAYA: Yaya ni gasa nake bugawa ba teburin kuɗi ba, dokar 50 ɗin nan ta shafe ni?

AMSA: Taka ta fi tsanani ƙanina. A gasa mai mutum dubu kashi 15 cikin ɗari ko ƙasa da haka ne ke samun wani abu, manyan kuɗin kuma suna teburin ƙarshe, zaka iya buga gasa ɗari biyu baka ga ko ƙofarsa ba. Jarin da ya kai ninki 100 na kuɗin shiga shi ne mafi ƙaranci, in gasar masu cunkoso ce ka nemi 200 ko 300. In kana kwaɗayin babbar gasa ka bi ta ƙananan da ake cin tikiti, ta nan Chris Moneymaker ya shiga gasar duniya ta 2003 ya tafi da dala miliyan 2.5, amma kar ka cire kuɗin tikitin kai tsaye daga jarin da bai kai ba.