Amsar Baffa kan kaɗa gwangwani in wata ya yi zazzaɓi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce yara sun fito da gwangwanaye a unguwarku daren da wata ya yi zazzaɓi, suna kaɗawa wai sai rana ta sake shi, kai kuma kunya ta kama ka a gaban abokanka na jami'a. Kana tambaya ko wannan ba jahilci ba ne, tunda malaminku ya ce Turawa ba su ci gaba ba sai da suka daina yarda da maganar magabata.

Batun gwangwani mai sauƙi ne. Rana ba ta kama kowa ba, ƙasa ce ta shiga tsakaninta da wata, inuwarta ta rufe shi. Addini ma bai ce a yi kiɗa ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, ya ce musu rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla da addu'a. Kiɗan wasan yara ne da ya tsufa.

Maganar malaminku ce nake so mu tsaya a kai, don rabinta kawai ya ba ku.

Gaskiya ne a 1543 littafin Kofanikus, mutumin Foland, ya fito yana cewa ƙasa ce ke zagaya rana. Amma lissafi ne a takarda, kaɗan ne suka gaskata. Sai a 1609 Galileyo na Italiya ya ji labarin madubin hangen nesa da aka ƙera a Holan, ya haɗa nasa, ya ɗaga shi sama. Ya ga duwatsu da kwazazzabai a jikin wata. A farkon 1610 ya ga watanni huɗu suna zagaya tauraron Mushtari. Daga baya ya lura Zara, wadda muke kira matar wata, tana cika tana raguwa kamar mijin nata, abin da ba zai yiwu ba sai in rana take zagayawa. Akwai manyan malamai da suka ƙi ko leƙa madubin, don littattafan Aristo, masanin Girka na zamanin da, sun ishe su. A 1633 kotun Coci a Rum ta tilasta wa Galileyo janye maganarsa cewa ƙasa ce ke zagaya rana, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Wannan ɓangaren malamai ke son bayarwa, don yana da daɗin ji.

Ga wanda ba sa bayarwa. Dekat na Faransa, wanda ya rubuta a 1637 cewa zai yi shakkar duk abin da bai tabbata ba, a cikin rubutun nan dai ya kafa wa kansa doka: kafin ya gama bincike zai ci gaba da bin dokokin ƙasarsa da al'adunta, ya riƙe addinin da aka raine shi a ciki. Ka ji uban masu shakka ke nan. Mai hankali ba ya rushe ɗakinsa da damina sai ya tanadi inda zai kwana, kuma shi ma kusan haka ya kwatanta lamarin.

Abin da Turawan suka kafa, a ganina, sabuwar al'ada ce mai ƙa'idoji masu tsauri. A 1660 masana suka kafa ƙungiyar Royal Society a Landan, takenta shi ne kada a karɓi magana don girman mai faɗarta. To me suka sa a madadin girman? Shaidu. Robat Boyil yana zuƙe iska daga tulun gilashi a gaban jama'a, a rubuta yadda aka haɗa na'urar da abin da aka gani, don wani a Faris ya maimaita. Daga 1665 suka fara buga mujalla. In ka ƙaryata mutum, sai ka kawo naka awon. Ba su ma fara daga fili ba: littafin Ibnul Haisam kan gani da haske, wanda ya rubuta a Masar ƙarni shida kafin su, an fassara shi zuwa Latin, sun karanta.

Kuma kada ka ɗauka talakawansu ba su tsoron husufi. A 1715 Edmon Hali, wanda ya biya kuɗin buga babban littafin abokinsa masanin lissafi Niyuton a 1687, ya fitar da taswirar inda inuwar wata za ta ratsa Ingila, ya rubuta a jikinta cewa kada mutane su ɗauki wannan husufin rana mugun alama ga sabon sarkinsu. Lissafinsa ya kauce da kamar minti 4 kawai. Ya kuma roƙi jama'a su auna tsawon duhun a garuruwansu su aiko masa, ya gyara taswirar da awonsu. Bai zage su ba, aiki ya ba su. Jikokin wannan lissafi ne suka sa rediyo ta sanar da mu tun da wuri cewa ranar 29 ga Maris 2006 rana za ta duhunta a Katsina da Damagaram, kuma ta duhunta.

Saboda haka da ni ne kai, sai in duba ranar husufi na gaba, in tara yaran nan tun da yamma da tocila da lemo da ƙwallo, in nuna musu yadda inuwa ke faɗawa, in ba babbansu agogo ya rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya washe. In sun gama su kaɗa gwangwaninsu, ba za su rage wa wata komai ba. Sadakar gero da Hajiya ke fitarwa a irin wannan dare kuwa kada ka sa mata baki, tana da madogara a hadisi. Ka gaishe da mahaifiyarka.