Kurminmu na ƙarewa a hannun masu gawayi: mece ce mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke wajen Jos. Masu ƙona gawayi sun kusa cinye kurmin bayan garinmu. Mai unguwa ya hana sara, sai aka koma shiga da dare. Kuma 'ya'yanmu ne, da rani ba su da abin yi. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bakin zaren yana cikin maganarka ta ƙarshe. Yaron da ya ɗaure buhun gawayi a babur tun asuba ya nufi cikin gari abinci yake nema, kuma hani ba tare da madadi ba ba ya tsayar da gatari.

Ku zauna da su ku yi lissafi. Kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma a kwana kaɗan ake mayar da ita gawayi, a ci kuɗin sau ɗaya. In an bar ta tsaye, duk shekara akwai man kaɗe. Haka ɗorawa da kalwarta ta daddawa. Wannan ya sa nake nacewa a sa mata a kwamitin kurmi: su ke tsinta, su suka san wace bishiya ke ciyar da gida. Samari kuma a haɗa su da amya irin ta akwati, wadda ake ɗiban zumarta ba tare da an babbake ƙudan ba.

Dubi maƙwabtanmu na Maraɗi a Nijar. Tun shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi 'yan tohon da suka fi ƙarfi a bar su, a datse sauran. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a faɗin Nijar sun kai hekta miliyan 5. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne tabbacin cewa bishiyar tasu ce, ba ta malamin daji ba. Nan kusa da ku ma akwai dajin Amurum a gefen Laminga, hekta wajen 300, mallakar mutanen wurin, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos take aiki. Don Allah ku je ku gani da idonku.

Ku raba kurmin: ɓangare ya huta, ɓangare a riƙa ɗiban busassun itace. Dokar ta fito daga bakin jama'a, tarar kuma ta shiga asusun gari da kowa ya san lissafinsa. A rubuta yarjejeniyar, hakimi da sashen gandun daji na ƙaramar hukuma su sa hannu, saboda ranar da baƙo zai zo da mota da takarda.

Kada kuma ku bari hunturu ya kama ba ku share layin tare gobara a kewayen kurmin ba.